Yanka, ƙonawa, ko haɗa su biyun: zaɓin da ke gaban mai ciwon dajin hanji da ya kai hanta

Kusan duk jinin da ya fito daga hanji sai ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Shi ya sa idan ciwon dajin babban hanji ko na dubura ya tashi yaɗuwa, hanta ce zangonsa na farko a mafi yawan lokuta. Wajen mutum ɗaya cikin biyar, ranar da aka gano ciwon a hanjinsa ya riga ya sauka a hanta, wasu kuma sai bayan wata da watanni ko shekaru yake ɓulla a can. Abin da ya raba wannan ciwo da yawancin ire-iren daji shi ne ko ya kai hanta ba a fid da ran warkewa. In aka iya kawar da duk ƙarin daji da ke cikinta, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na marasa lafiya suna kai shekara 5 a raye, wasunsu ma sun rabu da ciwon ke nan har abada. Sai dai a zuwan farko, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai likitan fiɗa zai duba hotonsa ya ce ana iya yanke masa duka.

Ba yawan ƙarin ba ne kaɗai ke ɗaure wa likita hannu. Abin da yake lissafawa shi ne hantar da za ta rage bayan an gama. Hanta tana sake tofowa, amma sai an bar mata abin da za ta riƙe rai da shi kafin ta tofo. Mai lafiyayyar hanta yana buƙatar a bar masa aƙalla kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Wanda ya daɗe yana karɓar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, wajen kashi 30, domin maganin kansa yana gajiyar da ita: oxaliplatin yana lalata ƙananan hanyoyin jininta, irinotecan kuma yana tara mata kitse da kumburi. Wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance da tabo, sai kashi 40. In aka gaza wannan, hanta takan kasa aiki bayan tiyata, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutum bayan babban yanka. Duk muhawarar yanka da ƙonawa a kan wannan lissafi take tafiya.

Abin da kowanne ke yi

Yanka shi ne tsohon hannu. Likita ya cire ƙarin tare da ɗan naman hanta mai lafiya da ke kewaye da shi, a kai ɗakin gwaji, a duba gefensa a madubin likita a tabbatar babu ƙwayar daji a bakin yankan. Tazarar milimita 1 ma ana karɓarta a matsayin yanka mai tsabta. Wannan tabbaci na ɗakin gwaji babbar riba ce da ƙonawa ba ta da ita. Girman ƙari kuma ba ya hana yanka: mai santimita 8 yana fita kamar yadda mai santimita 2 ke fita, muddin akwai hantar da za a bari. Tiyatar kanta ta sauya sosai. A da akan cire rabin hanta sukutum, yanzu an fi son a ɓanɓaro ƙarin kaɗai a bar sauran. Gwajin OSLO-COMET na ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2018 kan marasa lafiya 280, ya nuna cewa yin irin wannan yanka ta ƙananan huda da kyamara ya rage matsalolin bayan tiyata zuwa kashi 19, a maimakon kashi 31 na buɗe ciki.

Ƙonawa kuwa ba a fitar da komai. Ana soka wata doguwar allura har tsakiyar ƙarin, ana kallonta a hoton CT ko na'urar duban ciki mai amfani da sauti, sannan a saki zafi ta bakinta. Da zafin ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin da ke wurin sun mutu nan take. Mataccen naman yana nan inda yake, jiki ya riƙa shanye shi sannu a hankali ya bar tabo. Kada a haɗa wannan da gashin da ake yi da haske daga wajen jiki; nan zafi ne daga cikin ƙarin kansa. Iri biyu aka fi amfani da su. Na farko, RFA, yana aiki da wutar lantarki mai saurin kaɗawa. Na biyu yana aiki da maikirowef, ya fi sauri, ya fi zafi, yana kuma ƙona wuri mafi faɗi, shi ya sa manyan cibiyoyi da yawa suka koma gare shi. Ana iya shigar da allurar ta fata ba tare da buɗe ciki ba, ana kuma iya yi a tsakiyar tiyata ciki na buɗe.

Ƙonawa tana da sharuɗɗanta, kuma ba ta yafe wa wanda ya tsallake su. Ƙarin kada ya wuce santimita 3. Daga nan sama, yiwuwar ya sake tsirowa a gefen wurin da aka ƙona tana hauhawa da sauri. Dole ƙunar ta zarce gefen ƙarin ta kowace fuska da aƙalla milimita 5, in da hali 10. Wato ƙari mai santimita 2 yana buƙatar ƙuna mai faɗin santimita 3 zuwa 4, kuma ya zauna daidai tsakiyarta, kada ya karkata gefe guda. Idan babbar jijiyar jini na manne da ƙarin, jinin da ke gudu yana kwashe zafin, sai ƙwayoyin da ke jikin jijiyar su tsira. Wannan ya fi damun RFA, amma maikirowef ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Mafi haɗari shi ne ƙarin da ke kusa da manyan bututun ruwan matsarmama a ƙofar hanta. Jijiya tana da jinin da ke sanyaya ta, bututun nan ba shi da shi, in ya ƙone sai ya tsuke ko ya huje, kuma gyaransa aiki ne ja.

To a nan ne abin ya zo daidai: inda ɗaya ke da rauni, nan ɗayan ke da ƙarfi. Babban ƙari, ko wanda ke saman hanta, ko na bakin gefe, ko wanda ke jingine da hanji ko ciki, yankansa ya fi sauƙi da aminci. Ƙaramin ƙari da ya nutse can tsakiyar nama kuwa, kafin wuƙa ta kai gare shi sai an sadaukar da babban yanki mai lafiya, wani lokaci rabin hanta saboda abin da bai kai santimita 2 ba. Kamar a rushe ɗaki ne don a fitar da kunama. Allura za ta kai gare shi ta bar sauran naman lafiya lau.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna, da abin da ya ruɗar da mutane

An daɗe ana yi wa ƙonawa kallon maganin wanda aka rasa yadda za a yi da shi, kuma akwai dalili. A 2004 cibiyar MD Anderson ta birnin Houston a Amurka ta fitar da sakamakon da aka yi shekaru ana kafa hujja da shi: bayan shekara 4, kashi 65 na waɗanda aka yi wa yanka kaɗai suna raye, kashi 36 na waɗanda aka haɗa musu yanka da RFA, kashi 22 na waɗanda aka yi wa RFA kaɗai. Wanda ya kalli lambobin nan a tsaye zai ce haɗawa ɓata aiki ce. Amma su wa aka haɗa wa? Waɗanda ciwonsu ya yi yawan da wuƙa ita kaɗai ba za ta iya ba. Tun kafin a taɓa su sun fi sauran tsananin ciwo. Ga shi kuma na'urorin wancan zamani da hotunansa ba su kai na yau ba. Duk nazarin da ya waiwayi tsofaffin fayiloli yana ɗauke da wannan aibi, kuma har yau za ka ci karo da irinsa a intanet ana tsorata mutane da shi.

Gwajin da ya fara juya akalar shi ne CLOCC, na ƙungiyar binciken daji ta Turai, EORTC. An ɗauki marasa lafiya 119 waɗanda aka yanke hukuncin ba za a iya yanke musu ba, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu kemo kaɗai, wasu kemo tare da RFA, kuma kusan rabin waɗannan an haɗa musu da yanka. Sakamakon dogon zango da ya fito a 2017 ya nuna cewa bayan shekara 8, kashi 35.9 na waɗanda aka yi wa aikin hanta suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8.9 ne. Gwajin ƙarami ne, an ma rage girmansa saboda ƙarancin masu shiga, amma tazarar ta yi faɗin da ba a kau da kai daga gare ta. Darasinsa ga mai zaɓi: in ana iya share hantar da haɗin wuƙa da allura, hakan ya fi a zauna kan kemo kaɗai.

Sai COLLISION, wanda likitocin Amsterdam suka jagoranta a asibitocin Holan da Beljiyam da Italiya, aka buga a mujallar Lancet Oncology a 2025. Wannan ya yi tambayar da aka daɗe ana jin tsoron yi: ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, wanda ana iya yanke shi ana kuma iya ƙona shi, wanne ya fi? An raba marasa lafiya kusan 300, masu ƙari har zuwa 10. Tsawon rai bai bambanta ba. Matsalolin bayan aiki sun sami kashi 19 na waɗanda aka ƙona wa, da kashi 46 na waɗanda aka yi wa yanka. Kwanciyar asibiti, a tsaka-tsaki, kwana 1 da kwana 4. Ba wanda ya rasu sanadin ƙonawa, mutum 3 suka rasu sanadin tiyata. Aka tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba saboda amsar ta fito fili. Amma a riƙe abu biyu. Bibiyar marasa lafiyar ba ta kai shekara 3 ba a tsaka-tsaki lokacin da aka buga. Sannan ƙwararrun hannaye ne suka yi aikin, a cibiyoyin da suka saba da shi. Sakamakon na irin wannan ƙonawa ne, ba na duk wanda ya sayi na'ura ba.

Ainihin zaɓin mai ƙari a ɓangarorin hanta biyu

Mai ƙari ɗaya ko biyu ƙanana, zaɓinsa yanzu mai sauƙi ne: in wurin ya dace da allura, ƙonawa ta fata ta wadatar, in bai dace ba, a yanke. Mai babban ƙari guda, yanka. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana wurin wanda ciwon ya watsu dama da hagu.

A ɗauki misali. Mutum yana da ƙari shida: ɗaya mai santimita 5 a gefen dama, biyu a saman ɓangaren hagu, uku ƙanana masu santimita 1 zuwa 2 a nutse cikin dama. Hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko tiyata ce hawa biyu, wadda René Adam da abokan aikinsa na asibitin Paul Brousse a Faransa suka bayyana a 2000. A shiga a share hagu, a toshe jijiyar da ke kai jini dama don hagu ta girma, a jira mako 4 zuwa 8, a dawo a cire dama baki ɗaya. Tana aiki, amma mutum ɗaya cikin uku ko huɗu, ko ma fiye, ba ya kaiwa hawa na biyu: ko ciwon ya ƙaru a lokacin jira, ko hagun ta ƙi girma yadda ake so. Wanda bai kai hawa na biyu ba kuwa ya sha wahalar tiyata bai ci ribarta ba. Ta biyu ita ce ALPPS, wadda likitocin Jamus suka bayyana a 2012: a tsaga hantar tun a hawan farko, sai ɓangaren da za a bari ya girma cikin mako ɗaya ko biyu. A gwajin LIGRO na ƙasashen Sikandinebiya a 2018, kashi 92 sun kammala ta wannan hanya, kashi 57 ta tsohuwar. Sai dai aiki ne mai nauyi ƙwarai, kuma mace-macen kwana 90 na farko sun kai kashi 6 zuwa 8 a ɓangarorin gwajin biyu.

Ta uku ita ce haɗawa a zama ɗaya. Bayan an buɗe ciki, likita ya ɗora kan na'urar duba a jikin hantar kanta, ya bi ta lungu-lungu, domin a nan akan ga ƙananan ƙarin da hoton waje bai nuna ba. Ya yanke babban na dama, ya ɓanɓare biyun hagu. Sannan ya nemo na cikin ɗaya bayan ɗaya, ya soka allura yana bin inuwarta a allo har ta tsaya inda yake so. Da an kunna na'ura sai wurin ya yi fari fat a allon saboda tururin da ke tashi cikin naman, kuma farin nan yana rufe ganin abin da ke bayansa, shi ya sa akan fara da ƙarin da ya fi nisa. Bayan 'yan mintuna, a janye allurar tana da zafi, don ta ƙona hanyar da ta bi, kada jini ya biyo ko ƙwayar daji ta maƙale a hanya. Mutumin ya tashi da dama da hagunsa duka, tiyata ɗaya, jinya ɗaya, ya kuma koma kan kemo da wuri in ana buƙata.

A ganina, ga irin wannan mara lafiya, hanya ta uku ce ta kamata a fara tambaya a kanta, kuma dalilin da ya fi ƙarfi ba sauƙin jinya ba ne. Ko an yi aiki mai kyau, wajen kashi 60 zuwa 70 na marasa lafiya ciwon yakan dawo, sau da yawa a hantar. Wanda aka cire wa dama gaba ɗaya, in ya dawo a ɗan abin da ya rage, hanyoyin sun ƙuntata. Wanda aka bar wa namansa da manyan jijiyoyinsa ana iya sake yanke masa ko sake ƙona masa, karo na biyu har na uku, kuma da yawa daga masu dogon rai da wannan ciwo ta haka suka kai. Gaskiya ne cewa kwatancen haɗawa da tiyata hawa biyu ya dogara ne kan nazarin bayanan baya, ba gwajin ƙuri'a ba; abin da waɗannan nazarce-nazarce suka fi nunawa shi ne tsawon rai kusan ɗaya, da ƙarancin matsala a ɓangaren haɗawa.

Amma a sauya misalin kaɗan. A ce ƙarin dama sun kai goma, ko biyu daga cikinsu sun wuce santimita 4 a tsakiya, ko ɗaya ya naɗe babbar jijiyar dama. To dama ta tafi, babu abin cetowa a cikinta, kuma tara ƙuna a wurin ɓata lokaci ne. Nan tiyata hawa biyu ko ALPPS ce hanya, ita kuma allura sai ta taimaka wajen share hagu. Haka in ƙaramin ƙarin yana manne da bututun matsarmama na tsakiya: zafi bai dace ba, sai yanka, ko wata dabara da ake kira IRE wadda ke kashe ƙwayoyi da bugun lantarki ba da zafi ba, ko gashi na musamman daga waje. Wanda aka taɓa haɗa wa bututun matsarmama da hanji shi ma yana cikin haɗarin taruwar mugunya a wurin ƙuna fiye da kowa. In kuwa ciwon ya cika hantar har babu abin bari, amma bai fita wajenta ba, gwajin TransMet na 2024 ya nuna amfanin dashen hanta ga 'yan kaɗan da aka tace sosai: kashi 57 a raye bayan shekara 5, a kan kashi 13 na kemo kaɗai.

Halin ƙwayar dajin ma yana shiga lissafi. Mai sauyin ƙwayar halitta ta RAS ya fi saurin tsirowa a gefen ƙuna, don haka ana nemar masa tazara mai faɗi, kusa da milimita 10. Mai sauyin da ake kira BRAF V600E yakan yi saurin bazuwa, sai an ga ya lafa da magani kafin a yi gaggawar shiga hanta. Ƙalilan kuma, wajen kashi 5, masu nau'in da ake kira MSI mai yawa, maganin zaburar da garkuwar jiki irin su pembrolizumab yana yi musu aikin da kan sauya tsarin gaba ɗaya. Wani abin da ake mantawa: kemo yakan sa ƙananan ƙari su ɓace a hoto alhali ƙwayoyinsu na nan. Ƙarin da ba a gani kuwa ba a iya soka masa allura. Saboda haka likitan fiɗa da likitan hoto su ga mara lafiya tun kafin a fara kemo, ko a farkonsa, ba bayan an yi wata shida ana ba shi ba.

Bayan ƙonawa akan yi 'yan kwanaki ana zazzaɓi mara tsanani da kasala da ciwo a dama, wani lokaci har kafaɗa. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi, ko idanu su yi rawaya, shi ne na komawa asibiti nan take. Hoton farko bayan aiki zai nuna wuri mai duhu da ya fi ƙarin girma, dangi su firgita su ce ciwo ya ƙaru, alhali haka ake so: ƙunar ce ta rufe shi da tazararta. Daga nan sai bibiya da hoton CT ko MRI da gwajin jini na CEA, mai nuna alamar ciwon, duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko.

Kafin a sa hannu a takardar yarda, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa a fili. Shin taron likitoci ne ya duba hoton, da likitan fiɗar hanta da likitan hoto mai soka allura da likitan daji a zaune tare, ko mutum ɗaya ne ya yanke hukunci? An yi MRI na hanta, wanda ya fi CT ganin ƙananan ƙari? Sai a nemi likita ya bi ƙarin ɗaya bayan ɗaya: wannan girmansa nawa, yanke shi za a yi ko ƙonawa, kuma don me. Kashi nawa na hantar zai rage ta kowace hanya? Da me za a tabbatar ƙunar ta zarce gefen ƙarin, da ido kawai ko da manhajar da ke ɗora hoton kafin aiki a kan na bayansa? Sau nawa suke yin wannan aiki a shekara? Wanda aka ce masa hantarsa ba ta yankuwa, kuma ba a kai hotonsa gaban likitan fiɗar hanta ba, yana da haƙƙin neman a tura hoton cibiyar da ke yin yanka da ƙonawa duka biyun, a sake dubawa bayan wata biyu na kemo.